Yadda Ake Ratsa Kurmin Gindin Dutse a Ƙafa, a Dawo da Sauran Rana

Wanda zai hau ƙololuwar tsauni ya san abin da ya tunkara, shi ya sa yake shiri. Wanda zai zaga kurmin da ke gindin tsaunin kuwa gani yake yawon shan iska ne, sai ya ɗauki gorar ruwa ɗaya da waya ya kama hanya. A nan ake samun matsala. Gindin dutse ba shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ce. Tudu ne bayan kwari, kwari bayan tudu, ga bishiyoyi sun rufe maka sama da gefe, ba ka hango inda ka fito balle inda za ka. Abin da yake ƙare wa mutum a irin wannan wuri ba ƙarfi ba ne, rana ce. Saboda haka duk matakan da zan kawo a kan abu ɗaya suke juyawa: yadda za ka tattala hasken yininka.

Mataki na farko: auna hanya da agogo, ba da kilomita ba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu ko uku kafin ka fita, samo taswirar wurin, irin mai layukan da ke nuna tsayin ƙasa. In ma'auninta 1:25,000 ne, santimita 4 a takarda kilomita ɗaya ke nan a ƙasa. In 1:50,000 ne, santimita 2. Waɗannan lanƙwasassun layukan kowanne yana bin tsayi guda, kuma bambancin tsayin da ke tsakanin layi da layi a rubuce yake a gefen taswira, sau da yawa mita 10. Inda suka cunkushe, hawa ne mai tsini. Inda suka ware, ƙasa ta kwanta. Inda suka yi tsini kamar bakin mashi a kan rafi, tsinin yana nuna inda ruwan ya fito, wato sama.

Abu biyu za ka fitar daga taswirar: tsawon hanya, da jimillar hawan da ke cikinta. Na biyun ne mutane ke mantawa. Hanya tana iya farawa a tsayin mita 400 ta ƙare a mita 700, ka ɗauka hawan mita 300 ne kawai, alhali a tsakani ta gangara kwari uku ta sake haurowa. Kowane haurowa sai ka lissafa shi.

Akwai tsohon lissafi da wani mahayin duwatsu ɗan ƙasar Sikotland, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau da shi ake aiki: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Misali hanyarka kilomita 12 ce zuwa da dawowa, hawanta mita 600. Nisan ya ci awa biyu da minti 24, hawan ya ci awa ɗaya, jimilla kusan awa uku da rabi. Amma fa wannan lissafin lafiyayyen mutum ne a hanya mai kyau, wanda bai tsaya ko ɗaure igiyar takalmi ba. A kurmi akwai saiwoyi, taɓo, kututturan da suka faɗo suka tare hanya, ga hutu, ga cin guzuri. Ni kam nakan ƙara kashi ɗaya cikin uku, sannan in ɗora awa guda na ko-ta-kwana. Wannan tafiyar sai in ware mata awa biyar da rabi. In da yara ko dattijo a ayarin, da saurin wanda ya fi kowa nawa za a yi lissafi.

Daga nan sai ka duba lokacin faɗuwar rana, ka cire masa awa ɗaya aƙalla, domin a gindin dutse rana takan ɓuya bayan tsauni tun kafin ta faɗi, kuma ƙarƙashin ganye duhu yana riga fili shigowa. Abin da ya rage shi ne iyakarka. Yanzu ka tsayar da lokacin juyowa: ƙarfe kaza, ko na kai ko ban kai ba, zan juya. Ka tsayar da shi tun kana gida, kanka a sanyaye. In ka bari sai kana kan hanya, zuciya za ta yi ta ce maka saura kaɗan, kuma saura kaɗan ɗin dutse ba ta ƙarewa.

Mataki na biyu: bar wasiyya

Kafin ka fita, ka faɗa wa wani amintacce inda za ka fara, hanyar da za ka bi, ku nawa ne, da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka. Ka gaya masa ƙarara: in ƙarfe kaza ya yi shiru, ga lambar da za ka kira. Lambar agajin gaggawa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, a Amurka 911. In dajin yana ƙarƙashin hukuma, nemi lambar masu gadinsa, ka tambaye su halin da hanya take ciki, ko gada ta karye, ko lokacin farauta ne, ko ana buƙatar takardar izini. Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na uku: takalmi, tufafi, jaka

A takalmi za ka fi kashe hankali. Tafinsa ya zama mai zurfin zane yadda zai kama taɓo, gabansa kuma ya bar wa yatsu sarari kamar faɗin babban yatsan hannu, don ƙafa tana kumbura da tafiya, kuma a gangare yatsu gaba suke zamewa. Sabon takalmi ba a kai shi daji. Ka sa shi mako ɗaya ko biyu a yawon yau da kullum tukuna. Safa ta ulu ko ta zaren roba ta fi ta auduga nesa ba kusa ba. Auduga tana shan gumi ta riƙe, fata ta yi laushi, bororo ya tashi.

Haka zancen riga. Rigar auduga da ta jiƙe da gumi tana da daɗi muddin kana hawa, amma da ka zauna a tudu iska ta kaɗa, sai ta koma tsumman sanyi a bayanka. A matsakaici, zafin iska yana raguwa da digiri 6.5 a kowane mita 1,000 da ka hau. Hawan mita 600 ke nan ya rage maka kusan digiri 4, kafin a sa iska da jiƙewa a lissafi. Ba sai da ƙanƙara sanyi ke kayar da mutum ba. Jiƙaƙƙen jiki da iska da gajiya sun isa su sauke zafin jiki ƙasa da digiri 35, inda mutum zai fara karkarwa, magana ta sarƙe masa, tunani ya dagule. Maganin shi ne tufafi hawa-hawa: ta ciki mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai hana ruwa. Kana cirewa kana mayarwa gwargwadon hali. Dogon wando ya fi gajere, saboda ƙaya da kaska.

A jakar goyo: ruwa, guzurin da ba ya lalacewa kuma mai ɗan gishiri, taswirar takarda a cikin leda, kamfas, tocilar goshi da ƙarin batir, usur, ashana ko laita, ƙaramar wuƙa, filasta da bandeji, maganin da ka saba sha, da babbar ledar shara mai kauri, wadda za ka iya shiga cikinta in dare ya riske ka. Tocila ko da rana tsaka za ka fita ka ɗauke ta. Masu nauyi su kasance kusa da gadon bayanka, rigar ruwa kuma a sama inda hannu zai kai da sauri. Ga tafiyar yini, nauyin jaka kada ya zarce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinka.

Ruwa shi ne mafi nauyi, lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ka yi lissafin kusan rabin lita a kowace awa, fiye da haka in ana zafi. Ruwan rafi, duk yadda ya yi garau, ba ka san mushen da ke kwance a samansa ba. In dole ta sa, tafasa shi minti ɗaya cur, ko ka tace da matatar matafiya, ko ka jefa ƙwayar tsarkake ruwa ka jira lokacin da aka rubuta a jikin kwalin.

Waya kuwa tana da amfani matuƙa, in ka san iyakarta. Na'urar nuna wuri da ke cikinta daga tauraron ɗan'adam take karɓar sigina, ba ta buƙatar sabis, amma taswirar sai ka sauke ta tun kana da intanet. Sa wayar a yanayin jirgin sama, don neman sabis a inda babu shi yana zuƙe batir. A cikin kwazazzabo ko ƙarƙashin ganye mai kauri, ɗigon da ke nuna inda kake yana iya kaucewa da 'yan mitoci masu yawa. Abokiyar shawara ce, ba jagora ba.

Mataki na huɗu: rabin awar farko

Ka fita da sassafe. A yankunan duwatsu da yawa, musamman lokacin zafi, hadari da rana yake haɗuwa, bayan ƙasa ta ɗumama iska ta hau gangaren ta yi gajimare. Mai sammako yakan juyo kafin a fara cida.

A bakin hanya ka tsaya minti biyu. Daidaita taswira da kamfas, ka gane ina ne arewa, ka lura ko tsaunin yana damanka ko hagunka. Ka ga irin alamar da aka yi wa hanyar. A dogayen hanyoyin ƙafa na Faransa, layi fari ne a kan ja, in an gicciya su kuma ana nufin ba nan ba. A doguwar hanyar tsaunukan Afalaciya ta Amurka, mai tsawon kusan kilomita 3,500, farin fenti ne a tsaye jikin bishiya, in ka ga biyu to akwai kwana ko mararraba a gaba. Wasu wurare tarin duwatsu ne kawai. Ko wace iri ce, ka san ta tun daga farko.

Fara tafiya a hankali, har ka ji kamar kana wasa. Ma'aunin shi ne ka iya magana ba tare da numfashi ya yanke maka jimla ba. Bayan minti 15 ka tsaya, cire riga ɗaya, sake ɗaure takalmi. In ka ji wani wuri a dunduniya ya fara ɗumi kamar ana goga masa ashana, zauna nan take ka manna filasta. Minti uku ne. In ka ce sai an kai wurin hutu, bororo ya riga ya tashi, sauran yinin da ɗingishi za ka yi shi.

Mataki na biyar: hawa, da waiwaye

A hawa, gajerun taku. Ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, kada ka yi ta tafiya a kan yatsu, sha-raɓa za ta ƙone tun ba a je ko'ina ba. Jiƙaƙƙiyar saiwa da dutsen da gansakuka ta lulluɓe sun fi sabulu santsi, taka tsakaninsu. Inda hanya ta yi ta lanƙwasa tana hawa kamar tafiyar maciji, bi ta yadda take. Yanke tana cin ƙarfi, tana zaizaye ƙasa, kuma hanya ce ta ɓata. Hutu gajere, minti biyar zuwa goma a kowace awa, ka ci ɗan abu tun kafin yunwa ta kama ka.

Ga ɗabi'ar da na fi so kowa ya koya: waiwaye. Hanyar daji fuska biyu gare ta, wadda ka gani da zuwa ba ita za ka gani da dawowa ba. A kowace mararraba, wuce ta da taku goma, juyo, ka kalle ta yadda za ka tarar da ita anjima. Ka riƙe wani abu a ka, ko ka ɗauki hoto.

Da gumina na koyi wannan. Wata rana ina gangarowa, hanyoyi biyu da suka haɗe lokacin hawa, waɗanda ban ko lura da su ba, sai ga su sun rabu a gabana. Na bi ta dama saboda ta fi faɗi. Can sai na ji yanar gizo-gizo tana manne mini a fuska, ɗaya bayan ɗaya. Da hanyar da na bi da safe ce, ai da na riga na tsinke su. Ganyen da ke ƙasa ma a tashe yake, ba wanda ya taka. Minti 20 na yi ina musu da kaina kafin na yarda na juya, kuma wannan musun ne ya sa na fito da tocila a goshi.

Kowace rabin awa ka tambayi kanka: ina nake a taswira? Sa babban yatsa a wurin. In alamar hanya ta ɓace maka fiye da yadda ta saba, kada ka ci gaba da fatan za ta bayyana. Koma ga ta ƙarshe da ka gani. Dabbobi ma suna da turbarsu, kuma takan yi kama da ta mutane, sai dai rassa sukan rufe ta daga ƙirji zuwa sama.

Mataki na shida: rafi da hadari

Rafin gindin dutse ruwan tsauni duka yake kwasowa. Yana iya cika cikin ɗan lokaci saboda ruwan da aka yi a sama, kai kuwa ko ɗigo bai taɓa ka ba. In ka ga ruwan ya rikiɗe ya yi ja, yana ɗauke da ganye da ƙirare, ko ka ji ƙugi daga sama, fita daga kwarin ka hau gefe. Ka kuma tuna rafin da ka tsallaka da safe yana jiranka da yamma.

Wajen tsallakawa, nemi inda ya yi faɗi ya baje, ba inda ya tsuke ba. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, a bar shi. Kada ka cire takalmi, kwance maɗaurin jaka na ƙugu da na ƙirji yadda za ka iya yar da ita in ka faɗi, fuskanci inda ruwan ke fitowa, dogara da sanda, ka riƙa matsawa gefe-gefe, ƙafa ɗaya ta kafu kafin ɗaya ta ɗaga.

In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu har ka ji tsawa, raba da uku, ka sami nisanta a kilomita. Ƙasa da daƙiƙa 30, tana kusa da za ta iya kai maka. Sauka daga doron tudu, nisanci bishiyar da ta fi sauran tsayi ko wadda take ita kaɗai, da bakin kogo marar zurfi. Cikin tarin gajerun bishiyoyi masu tsayi ɗaya a ƙasa-ƙasa ya fi dama-dama. In kuna da yawa ku warwatsu. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Halittun daji

Manyan dabbobi yawanci sun ji ka tun kafin ka gan su, sun kauce. Yi magana a inda hanya ta yi kwana ko kusa da ruwa mai ƙara, kada ka yi musu ba-zata, kada kuma ka ba kowace dabba abinci. Ƙananan ne abin kula. Kaska tana jira a kan ciyawa, tana kuma ɗauke da cututtuka, kamar cutar Lyme a Turai da Arewacin Amurka. Cusa ƙafar wando cikin safa. In ta kama ka, kama ta da ɗan hantsaki dab da fata ka ja a miƙe, ba murɗawa, ba ƙonawa.

Kada ka zura hannu inda idonka bai gani ba. Kututturen da ya tare hanya, hau kansa ka leƙa kafin ka sauka. In maciji ya yi sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa tamau. Cire zobe da agogo, hana gaɓar motsi, a nufi asibiti.

Mataki na bakwai: gangarowa

Lokacin juyowa ya yi, juya. Gangare ne ke cin gwiwa, kuma a nan targaɗe ya fi samun mutane, don ƙafa ta gaji, hankali kuma ya riga ya isa gida. Kafin ka fara, ƙara ɗaure takalmi ta wajen idon sawu don yatsu su daina dukan gaba. Sassauta gwiwa, gajarta taku, kada ka jingina baya, nauyinka ya zauna a kan ƙafafunka. Inda ya yi tsini, sauka a karkace. Sandar dogarawa a nan take biyan kuɗinta. Ku bar tazara tsakaninku, wanda ya turo dutse ya yi ihu.

In kana son sanin sauran rana, miƙa hannu, ka jera yatsu huɗu a kwance tsakanin rana da bakin tsaunin da za ta faɗa bayansa. Kowane yatsa kusan minti 15 ne.

Duk abin da ka shigo da shi, fita da shi, har ɓawon 'ya'yan itace. In lalura ta kama, yi nisan aƙalla mita 60 daga ruwa da hanya, tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, ka rufe. Amma ka lura da inda ka bar hanyar, don ta wannan 'yar ratsewar ma ana ɓata.

In ka yi makuwa

Tsaya. Zauna, sha ruwa, ci wani abu. Abin da tsoro zai fara ce maka shi ne ka ƙara sauri, kuma duk takun da ka yi cikin ɗimuwa faɗaɗa wa masu nemanka fili yake. Tuna wuri na ƙarshe da ka tabbata kana kan hanya, minti nawa ke nan? Yi wa inda kake alama da wani abu mai launi, ka gwada taku ɗari ta wani ɓangare ka dawo, sannan wani ɓangaren, ba tare da alamar ta ɓace maka ba.

Za ka ji ana cewa a bi rafi zai kai ka gari. A gindin dutse ban yarda da wannan shawara ba. Rafi yana bin hanya mafi gajarta zuwa ƙasa, wato ta kwazazzabo da gangaren da ruwa ke zubowa daga sama, inda in ka sauka ba ka iya haurowa, kuma ƙarar ruwan za ta hana ka jin masu kiranka. Sabis ma a tudu ake samunsa. In sigina ta yi rauni, tura saƙon tes da lambobin wurin da wayarka ta nuna, yakan wuce inda kira ya kasa.

Idan ya rage awa ɗaya duhu ya shigo ba ka ga hanya ba, daina nema, shirya kwana. Zaɓi wuri a ɗan sama da kwari, don iska mai sanyi ƙasa take gangarawa da dare, ka kuma ɗaga kai ka tabbata babu busasshen reshe a samanka. Tara ganye mai kauri ka zauna a kai, ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda ake zato. Sa duk tufafinka tun kafin ka fara jin sanyi, huda ledar nan ka fito da fuska, ka shige. Busa usur sau uku, ka yi shiru minti ɗaya kana saurare, ka sake. Kashe waya, ka riƙa kunna ta na ɗan lokaci a farkon kowace awa.